Taƙin Hannun Baba Riƙe-Nan

A ofishin tsara gari, inda ake ba mutane izinin gini, akwai wani dattijo da kowa ke kira Riƙe-Nan. Sunansa na gaskiya yana cikin takardun ofis, amma ko matarsa in ranta ya ɓaci da Riƙe-Nan take kiransa. A wurin aiki ya samo sunan. Idan an fita awon fili, mai ilimi ya ɗauki gidan tef ɗin awo, ya miƙa masa zoben ƙarfen da ke bakinsa, ya ce, "Riƙe nan." Shi kuma ya durƙusa ya riƙe. Shekara talatin da ɗaya yana wannan durƙuso, har gwiwar wandunansa duka suka yi fari tun kafin gemunsa ya yi.

Da lebura ya fara, lokacin da ake gina ofishin shi kansa. Wata rana yana ɗauke da bulo aka rasa mai kama tef, aka yafito shi. Ya riƙe bai girgiza ba, bai kuma ja ba, sai mai awon ya ce wannan hannu bai dace da bulo ba. Bai taɓa zama a aji ba. Lambobin tef kuwa ya san su kamar fuskokin maƙwabta, musamman jan ukun nan mai ciki biyu, domin dokar garin ta ce tsakanin bakin kwata da bangon gaban gida sai an bar mita uku cif.

Mutum ne mai son jin dalili. Me ya sa ramin ban-ɗaki ba ya kusantar rijiya? Me ya sa ba a buɗe taga tana kallon tsakar gidan maƙwabci? Me ya sa wannan layin a yarda da shago, wancan a ce gidajen kwana kawai? Masu ilimin ofis, waɗanda rabinsu ba su san amsar ba, sukan ce, "Haka doka ta ce." Shi kuwa sai ya bi layin da ƙafa har ya gano da kansa cewa motar kashe gobara ba za ta iya juyawa a can ba. Ya dawo ya gaya musu, su gyaɗa kai kamar dama sun sani.

Ya kuma san tafiyar fayil kamar yadda uwa ta san tafiyar ɗanta. Ka kawo shaidar mallakar fili da zanen gini kwafi uku. Na teburin farko ya karɓa ya ce ka dawo jibi, jibin da ba ta da rana. Mai duba tsabta ya nemi inda ruwan wanka zai bi. Mai taswira ya duba ko layinku an yarda da abin da kake son ginawa. Sannan a fito a kafa maka guntayen rodi a ƙasa, a ce daga nan bangonka zai tashi. Sai Darakta ya buga hatimi. Idan gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, a sake zuwa a auna, a ga ko ka ci hanya. Wanda ya ci, a shafa masa jan fenti.

To, ana saura wata bakwai ya yi ritaya, sai 'yarsa ta ƙarshe, Auta, ta kawo fayil. Tela ce. Shekara shida tana ɗinki a falonta, yara na taka yadin mutane, mijinta na cire allura daga tafin ƙafa. Ta ce shago take so a gaban gidan, ɗaki ɗaya da taga babba.

Fayil ɗin ya yi wata huɗu yana zagaya tebura. Riƙe-Nan kullum yana ganinsa a kan kabad, koren bango da igiya, ya wuce shi kamar bai san mai shi ba.

"Malam," in ji Inna, matarsa, "kai da kake kwana kana tashi a gindin kabad ɗin nan, ba za ka ɗaga fayil ɗin yarinya ka ɗora a sama ba?"

"Idan na ɗaga nata, na wa zan danne?"

"Na wanda ubansa ba ya aiki a wurin. Su ma da sun samu da haka za su yi."

"Shekara talatin ba a taɓa cewa na yi ba."

"Shekara talatin ba a taɓa cewa ka yi komai ba, in ban da riƙe nan."

Ranar kafa rodi, da motar ofis ta tsaya a ƙofar gidan Auta, sai ya fito da tef daga jakar fatarsa ya miƙa wa direba zoben.

"Yau kai za ka riƙe. Gidan 'yata ne, ba na son a ce."

Direba ya ce, "Baba, wa zai ce? Ni ban taɓa riƙewa ba."

"Ba karatu ba ne. Sa shi a bakin kwata ka danne."

Ya koma bayan mota ya juya baya, kada ma a ce ya yi wa wani ido. Mai awo na lokacin, wani mai tabarau, ya ja tef har jan uku, aka buga rodi. Izini ya fito. Magini ya ja igiyarsa daga rodi zuwa rodi, gini ya tashi, Auta ta riga ta zaɓi kalar labule.

Kafin gini ya kai linta aka canza wa mai tabarau wurin aiki, aka kawo wata yarinya da ake kira Injiniya. Ba ta da hayaniya, amma tana yawo da tef ɗinta na ƙarfe a cikin jaka, inda sauran mata ke ajiye madubi. Ranar dubawa Riƙe-Nan ya sake komawa bayan mota. Ta maƙala tef ɗinta da kanta a bakin kwata, ta ja zuwa bango. Ta sake ja. Ta koma ɗaya kusurwar ta ja.

"Mita biyu da tamanin," in ji ta. "Saura santimita ashirin."

Magini ya ce, "Ranki ya daɗe, ga rodinku nan a ƙasa, ko kaza ba ta taɓa shi ba."

"Ban ga lokacin da aka kafa shi ba. Bangon nake gani."

Aka shafa jan fenti a kan sabon bulo. Aka ba Auta takarda: mako biyu ta rushe bangon gaba ta ja shi baya, in ba haka ba izininta ya mutu. Auta ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta dai dubi ubanta ta ce, "Baba, da ka riƙe." Daga nan ta shige gida.

Abin da ya hana Riƙe-Nan sukuni ba fentin ba ne kaɗai. Tambaya ce ta maƙale masa. Rodi bai motsa ba, ya duba, tsatsarsa ma ta kama ƙasa. Kwata ba ta tafiya. Mai tabarau, duk da son jikinsa, ba ya kuskuren lamba. To ina ashirin ta shiga?

Washegari da la'asar, bayan an tashi daga aiki, ya rataya jakar tef ɗin ofis, da ma shi ke ajiyarta, ya nufi gidan Auta. Inna ta yafa mayafi ta bi shi, wai za ta ga jikoki, alhali tsegumi ne ya kai ta. Suka tarar da magini zaune a kan bulo yana kallon bangonsa kamar mai zaman jinya.

"Taso ka karanta mini," in ji Riƙe-Nan.

Ya durƙusa a bakin kwata ya riƙe zobe, magini ya ja zuwa bango.

"Biyu da tamanin. Yarinyar nan ta yi gaskiya."

"To zo ka riƙe, ni in gani da idona."

Suka yi musaya. Magini ya danne zobe a bakin kwata, Riƙe-Nan ya ja. Sai ga jan uku zaune daram a jikin bango.

"Uku ne," in ji shi.

"Baba, idonka ne."

"Idona ya san ukun nan tun kana tsotson yatsa. Zo ka duba."

Suka kira mai shagon caji na kusa ya riƙe, su biyu suka duba: uku. Riƙe-Nan ya koma ya riƙe: biyu da tamanin. Tef ɗaya, bango ɗaya, kwata ɗaya. Kafin a jima mutane sun taru. Wani ya ce zafin rana ke miƙar da tef. Wani ya ce ƙasar wurin ce ba ta son gini, shi ya daɗe da sani. Magini ya ce shi dai a rubuta cewa in shi ya riƙe daidai ne, a bar shi ya riƙa riƙewa.

Inna tana zaune a kan bokitin fenti da aka kife, tana kallonsu har suka yi sau biyar.

"Ku duk lamba kuke kallo," in ji ta. "Malam, sake riƙewa in gani."

Ya durƙusa.

"Tsaya haka, kada ka motsa. Mene ne wannan?"

Ya dubi hannunsa kamar na wani. Babban yatsansa ne a bakin kwata, ba zoben ba. Hannun a buɗe yake, taƙi guda, zoben kuma yana maƙale can a kan yatsan tsakiya.

"Magini zoben yake sawa a bakin kwata," in ji Inna. "Kai kuwa sai ka fara auna taƙi. Haka kake yi ko igiyar shanya na ba ka. Na ɗauka tsufa ne."

Riƙe-Nan ya zauna a ƙasa daɓas. Abin ya dawo masa gaba ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sun je awo bayan gari, masu ilimi suka shiga inuwa, shi ya bar tef a miƙe ya je neman ruwa. Ya dawo ya tarar da akuya ta tauna bakin tef ɗin, don na zare ne mai kauri, ta bar zobe a ƙasa da yawu. Daraktan wancan zamani kuwa ya taɓa korar masinja a kan ɓatan lema kawai. Riƙe-Nan ya yanke wurin da ya lalace, ya gwada guntun a hannunsa, ya zo taƙi ɗaya daidai, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ya kai wa mai gyaran takalma ya mayar da zoben ya ɗinke tsaf. Lambobin farkon tef da ma gumin hannu ya cinye su, kuma wa ke duba wancan bakin in ba shi ba? Tun daga ranar, in an ce riƙe nan, sai ya kafa babban yatsa, ya buɗe hannu, ya mayar wa tef abin da akuya ta ci. Ya yi wata yana fargaba, ya yi shekara yana tunawa. Daga baya hannun ya karɓi aikin, kan ya manta.

Da suka koma gida Inna ta ce, "To, yanzu ka sani. Sai me?"

"In na yi shiru, Auta ta rushe bango. In na faɗa, na ɓoye ɓarnar kayan ofis shekara goma sha ɗaya. Za su ce duk gidan da na auna a sake dubawa."

"Gida nawa ne?"

"Rabin gari."

"Kana tsoron su tarar da kuskure?"

Ya buɗe hannun ya rufe. "Ban sani ba. Ni ma ina son in sani."

"Kai dai ko rami aka ce ka faɗa, sai ka tambayi zurfinsa. Ka ƙi ɗaga mata fayil don kada a ce. Ka ƙi riƙe mata tef don kada a ce. To ga shi an ce, da jan fenti, kowa na wucewa yana karantawa."

Da safe ya sa rigarsa mai kyau, ya jira Injiniya ta ajiye jaka, ya shimfiɗa tef ɗin ofis a kan teburinta.

"'Yata, ki ɗora naki a kan wannan."

Ta ɗora, zobe da zobe. Mita ɗayan tsohon tef ya faɗo a kan tamanin na sabon. Ta ɗago ta dube shi. Ya ba ta labari tun daga akuya har zuwa direba, bai rage ba, bai kuma sa wa akuyar laifin da ya wuce nata ba. Yana jira ta tashi ta nufi ofishin Darakta, sai ta ce, "Baba, buɗe hannun."

Ya buɗe a kan tebur. Ta auna: ashirin.

"Rufe. Sake buɗewa."

Ashirin. Ta sa ya rufe ido, ashirin. Ta sa ya durƙusa ya yi a ƙasa, ashirin. Mai taswira ya leƙo ya gwada nasa, ya samu ashirin da uku, ya sake ya samu goma sha tara, ya ce yana da aiki.

Darakta da ya ji, sai ya cire hula ya share gumi. Shi ba bangon Auta ya gani ba, rabin gari ya gani a tsaye a ƙofar ofishinsa. Ya ce a ciro fayil goma sha biyu daga kabad, na shekaru daban-daban, shi zai zaɓa da hannunsa, a je a auna da tef ɗin ƙarfe. In an samu ko biyu da suka kauce, maganar ta fi ƙarfinsa.

Kwana biyu suna zagaya gari. Riƙe-Nan yana bayan mota, an hana shi taɓa komai. A kowane gida Injiniya ta sauka ta ja tef, matan gida na leƙe ta labule, shi kuma wuyansa a miƙe ta taga don ya ga lambar. Kantin magani, uku. Gidan mai gasa burodi, uku. Makarantar yara, uku. A gida na tara aka samu biyu da tamanin, direba ya ce shi ke nan. Riƙe-Nan ya dubi gidan da kyau ya ce, "Duba kwanan watan. Wannan makon aka yi mini aikin ido, masinja ya riƙe." Injiniya ta buɗe fayil, ta aika aka duba littafin hutu, haka ne. Sauran ukun duk uku-uku.

A hanyar komawa ta ce, "Baba, me ya sa ba ka nemi sabon tef ba bayan wancan Daraktan ya tafi?"

"Sai in ce me ya samu tsohon?"

Direba ya ce, "Ka ce akuya."

"Kai ka yi shiru. Kai aka ba riƙo sau ɗaya ka jawo jan fenti."

Maganar ta je gaban kwamitin da ke zama ranar Laraba. Aka kira Auta, ta zo da takardar izininta a cikin leda. Aka kira Riƙe-Nan ya maimaita labarin akuya a gaban mutum bakwai, biyu daga cikinsu suna danne dariya da hankici. Injiniya ta ce doka ta ce uku, bangon kuma bai kai ba, wannan ba ta janye ba. Amma rodin ofis ne, tef ɗin ofis ne, mai gini ta bi abin da aka kafa mata. Aka yi ta ja, wani mai kunnen ƙashi yana cewa in an bar wannan gobe kowa zai zo da akuyarsa. A ƙarshe aka rubuta cewa bango ya tsaya, da sharaɗi biyu: ba rumfa a gaban shagon, ƙofa kuma ciki za ta riƙa buɗewa, kada ta ƙara cin hanya. Mai gida na tara aka aika masa irin wannan takarda, shi da bai ma san yana da matsala ba.

Riƙe-Nan kuwa aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a shekara talatin da ɗaya, aka sa a fayil ɗinsa. Ya sa aka karanta masa sau biyu, ya tambayi ma'anar kalma ɗaya. Tsohon tef aka kulle shi a durowar Darakta.

Auta ta ce rumfar ce ta fi ba ta haushi, don a nan ta so masu jiran ɗinki su zauna. Ta ba ubanta burushi da farin fenti ta ce tunda hannunsa ya iya aiki shi kaɗai, ya shafe jan. Sai da ya yi shafi uku, kuma har yau in rana ta daki bangon ana ganin inuwarsa. Inna ta ce a bar shi haka, ya fi allon talla, kowa a garin ya san shagon.

Ranar Litinin aka fita awon wani fili da sabon tef mai ruwan ɗorawa. Injiniya ta miƙa masa zobe ta ce, "Riƙe nan, Baba." Ya durƙusa. Ta ja, ta duba lamba, ta duba takarda, ta yamutsa fuska. Sai ta waiwayo.

"Baba, hannun."

Ya duba. Babban yatsa a kan rodi, hannu a buɗe, zobe a can gaba.

"Ba ni ba ne," in ji shi. "Shi ne."

"To gaya masa an huta."

Ya dunƙule hannun dama ya cusa a aljihu, ya riƙe da hagu. Haka ya ƙarasa watanninsa, yana durƙuso da hannu ɗaya a aljihu kamar mai jin sanyi. Mutanen da ake yi wa awo sukan tambayi direba ko tsohon ya ji ciwo ne. Direba ya ce a'a, hannun ne ya riga shi yin ritaya.